Yadda Ake Dasa Fereskiya, Kaktus Mai Ganye, a Yi Shinge da Ita a Kaduna

Duk wanda aka ambata wa kaktus, abin da ke zo masa a rai shi ne shukar hamada mai kaurin jiki, wadda ba ta da ganye sai ƙaya. Shi ya sa idan aka nuna masa fereskiya, da faffaɗan ganyenta kore shar da furanninta masu ruwan hoda, aka ce masa ita ma kaktus ce, yakan yi musu. Wannan ruɗani shi ke kashe yawancin dashen da ake yi: wanda ya yarda kaktus ce yakan hana ta ruwa har ta bushe, wanda kuma bai yarda ba yakan yi ta kwarara mata ruwa kamar alayyafo har saiwarta ta ruɓe. Mai son ta kama masa a Kaduna sai ya san irin halittarta tukuna, domin daga nan kowane mataki na aikin ya samo dalilinsa.

Nau'in da ake magana a kai shi ne wanda masana tsirrai suka daɗe suna kira Pereskia grandifolia, sunan da Adrian Haworth na Ingila ya ba shi a 1819, ko da yake tun daga 2016 da yawa daga cikinsu sun koma kiransa Rhodocactus grandifolius. Kalmar Pereskia kuwa Charles Plumier ne ya ƙirƙiro ta a 1703 don girmama wani malamin Faransa, Nicolas-Claude Fabri de Peiresc, wanda ya rayu daga 1580 zuwa 1637. Asalin shukar daga gabashin Birazil ne, inda ake samun damina da rani kamar yadda muke da su, kuma can ma shinge ake yi da ita. Dangin kaktus sun haura nau'i 1,500, dukkansu 'yan nahiyar Amurka ne kaɗai in ban da guda ɗaya, Rhipsalis baccifera, wanda bayan Amurka ake kuma samunsa yana reto a kan bishiyoyin kurmin Afirka da Madagaska da Siri Lanka. Fereskiya da 'yan uwanta na kusa, nau'i 17 gaba ɗaya, su ne suka riƙe kamannin da ake ganin kakannin kaktus suna da su kafin sauran su zubar da ganye su mayar da jikinsu rumbun ruwa.

Abin da ya shafi mai dashe a cikin wannan bayani shi ne yadda take numfashi. Kaktus na hamada yana rufe ƙananan ƙofofin jikinsa da rana, sai dare ya yi sanyi ya buɗe su ya shaƙi iska, don haka ruwan da yake asara kaɗan ne ƙwarai. Fereskiya kuwa da rana take buɗe na ganyenta kamar mangwaro ko gwaba, kuma jikinta itace ne, ba ya adana ruwa mai yawa. Idan ƙasa ta bushe, dabararta ita ce ta zubar da ganye ta jira. Tana son ruwa a lokacin girma ke nan, amma ta gaji wani hali na danginta, wato saiwarta ba ta jure kwanciyar ruwa.

Mataki na farko shi ne a tabbatar da cewa abin da ke hannu fereskiya ce, kuma a nan ya kamata a ɓata lokaci, domin a ƙasarmu akwai shuke-shuke masu ƙaya da ake yi wa kallon kaktus alhali ba su haɗa dangi ba. Ƙyarana, wadda ake kewaye gidaje da gonaki da ita a Filato da kudancin Kaduna, da tinya, da aguwa da ake shinge da ita a can arewa, duk 'yan dangin Euphorbia ne. Alamarsu ita ce farin ruwa kamar nono da ke tsatsowa da zarar an karce su, irin wanda aka sani a jikin tumfafiya. Wannan ruwa yana ƙona fata, yana iya makantar da ido, har maharba na dā sukan sa na tinya cikin dafin kibiya. Fereskiya ba ta da shi ko kaɗan. Idan aka murje ganyenta tsakanin yatsu, abin da ke fitowa ruwa ne garai mai yauƙi kamar na karkashi.

Alama ta biyu, wadda ita ce hatimin dangin kaktus duka, tana nan a inda ganye ya haɗu da reshe. A duba wurin da kyau, za a ga wani ɗan ƙullutu mai laushi kamar an manna ƙwayar auduga mai ruwan toka ko ruwan ƙasa, kuma daga cikinsa ƙayoyi ke fitowa a tare, miƙaƙƙu, baƙaƙe, kamar allurai. Wannan ƙullutu zan riƙa kiransa ido a sauran bayanin, domin daga cikinsa ne toho da fure ke fitowa. A sabon reshe ido yakan zo da ƙaya kaɗan ko ma babu, amma yana ƙara fitar da sababbi kowace shekara, har a jikin tsohon gindi a ga ido ɗaya ɗauke da gomman ƙayoyi, wasu tsawonsu ya kai santimita 5 ko fiye. Boganbiliya, wadda ta cika katangun Unguwar Rimi da Malali, ƙaya ɗai-ɗai take da ita ba tare da wannan audugar ba. Ganyen fereskiya yana kai santimita 10 zuwa 20, yana da ɗan kauri da sheƙi, furanninta kuma suna fitowa a cure a ƙarshen reshe, kowanne faɗinsa kamar santimita 3 zuwa 5, da rawaya a tsakiya.

Na taɓa tsayawa wurin wani dattijo mai sayar da dashen furanni a bakin titi, na ce masa, “Baba, ina neman kaktus ɗin nan mai ganye da fure ruwan hoda.” Ya miƙo mini wata 'yar shuka a leda, mai ƙaya a jiki da ƙananan furanni, ya ce, “Ga ta nan, Malam, ita kowa ke saye.” Na roƙi izininsa na tsinke ganye ɗaya, nan take farin ruwa ya ɗigo a kan yatsana. Euphorbia milii ce, 'yar Madagaska, kyakkyawa a tukunyar fure amma, saɓanin fereskiya da ake cin ganyenta, ba ta shiga miya. Da na kwatanta masa audugar da ke gindin ƙaya, sai ya yi dariya ya kai ni can bayan rumfarsa, inda wadda nake nema ta yi masa shinge har ta fi ni tsawo, bai ma ɗauke ta a matsayin abin sayarwa ba.

Akwai kuma 'yan uwanta biyu da za a iya cin karo da su. Mai fure ruwan goro, Leuenbergeria bleo, daga Panama da Kolombiya take, kuma dashenta kusan ɗaya ne da na wannan. Amma mai hawa bishiya, Pereskia aculeata, wadda furenta fari ne mai ƙamshi, sababbin rassanta kuma suna da ƙayoyi bibbiyu lanƙwasassu kamar farcen kyanwa, shawarata a bar ta inda aka gan ta. Zan faɗi dalili a gaba.

Bayan an samu uwar da za a yanka, sai zaɓen lokaci, kuma a Kaduna wannan shi ne rabin aikin. Garin yana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, yawancinsa tsakanin Mayu da Oktoba, mafi ƙarfinsa a Agusta da Satumba. Reshen da ba shi da saiwa ba ya iya shan ruwa, abin da kawai ruwa mai yawa ke yi masa shi ne ya jiƙa bakin yankan ya buɗe wa ruɓa hanya. Lokacin da ya dace a yanka shi ne ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, sa'ad da zafin bazara ke nan a ƙasa, iska ta fara ɗaukar laima, uwar kuma ta fara sabon toho. Wanda ya yanka a wannan lokaci zai kai dashensa gona a Yuni, kafin marka ta sauka saiwa ta riga ta kama. Ni kaina karon farko a tsakiyar Agusta na caccaka rassa kai tsaye cikin laka a wani fili wajen Rigachikun, ina ganin ruwa ya wadata, aiki ya yi sauƙi. Bayan mako biyu na zaro ɗaya, gindinsa ya yi baƙi ya yi laɓo-laɓo, ɓawon yana saluɓewa a hannu da wari kamar na ruɓaɓɓen rogo, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka tsira.

Kafin a taɓa shukar a tanadi safar hannu mai kauri, ta fata irin ta masu walda, domin ta roba ko ta yadi ba ta tare wannan ƙaya. A tanadi almakashin lambu ko wuƙa mai kaifi da aka wanke da sabulu, da tokar murhu ko garin gawayi, da baƙar ledar dashe. Ledar ruwan sha da aka yanke bakinta ma tana yi, muddin an huda ta a ƙasa wuri huɗu ko biyar.

A zaɓi reshen da ya kwana shekara, wanda kaurinsa ya kai na ɗan yatsa kuma korensa ya fara juyawa zuwa ruwan ƙasa. Ɗanyen toho na bana yakan yanƙwane kafin ya yi saiwa, tsohon itace kuma yana da nawa wajen tsirowa ga yawan ƙaya. A yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace tsawon santimita 20 zuwa 30, ɗauke da ido huɗu ko biyar. Yankan ƙasa a yi shi a karkace dab da ƙarƙashin ido, na sama kuma a miƙe. Amfanin wannan bambanci shi ne kada a rikice a dasa reshe kai a ƙasa, abin da ke faruwa da sauƙi idan an tara guntaye hamsin a baro. A cire ganyen ƙasa duka, a bar biyu na sama, su ma a datse rabinsu, tun da ta ganye ruwa ke fita, reshen kuma ba shi da abin mayar da shi tukuna. Daga nan a dangwala bakin yankan a toka.

A wannan gaɓa fereskiya ta saɓa wa sauran danginta. Kaktus mai kaurin jiki akan ajiye shi mako guda ko biyu a inuwa har bakin yankan ya bushe ya yi tauri kafin a dasa, kuma wannan shawara ce mutum zai fi ji daga masu kiwon kaktus a tukwane. Idan aka yi wa fereskiya haka, itacen ƙonawa za a dasa. Kwana ɗaya a inuwa ya ishe ta, iyaka biyu.

Ƙasar da za a cika leda da ita rabi yashi mai kaushi, irin wanda magina ke kwaɓa siminti da shi, rabi baƙar ƙasar lambu, ba tare da taki ba a wannan mataki. A huda rami da kara, a zura kashi ɗaya cikin uku na reshen yadda ido ɗaya ko biyu za su shige ƙasa, a danne gefe da yatsa, a yayyafa ruwa har ya fito ta hudojin ƙasa. A jera ledojin a ƙarƙashin mangwaro ko rumfa, inda hasken safe ke kaiwa amma ranar tsaka ba ta dukansu. Ba a ƙara ruwa sai an tsoma yatsa an ji saman ƙasar ya bushe, wanda a zafin Mayu yakan zama kwana biyu zuwa uku. Cikin mako uku zuwa huɗu za a ga toho yana leƙowa daga idanun sama. Toho kaɗai ba shaida ba ne, domin reshe yana iya fitar da shi da ƙarfin da ya zo da shi daga jikin uwa. A ɗan ja reshen a hankali, idan ya riƙe ƙasa, saiwa ta fito. Daga nan a riƙa matsar da ledojin zuwa rana kaɗan-kaɗan har tsawon mako guda.

Ana iya shuka ta daga iri ma. 'Ya'yanta suna kama da ƙaramar fiya mai kusurwoyi, da 'yan ganye manne a jiki, sukan yi rawaya su faɗo da kansu, a ciki kuma akwai baƙaƙen ƙwayoyi masu sheƙi. A wanke yauƙinsu, a shanya a inuwa, a binne su sama-sama cikin yashi mai laima. Sai dai hanyar tana da jinkiri, mai neman shinge ba ya bukatarta.

Wurin dashe ya zama mai samun rana aƙalla rabin yini, domin a inuwa shukar takan yi tsawo siriri, ƙaya ta ragu, fure ya ƙi zuwa. A jar ƙasa mai tsakuwa, irin wadda ta yawaita a tudun Kaduna, tana jin daɗi matuƙar an fasa marmarar da ke ƙasa da diga don ruwa ya samu hanyar wucewa. A wuri mai laka ko kusa da fadama kuwa, wajibi ne a tayar da kunya mai tsawon santimita 25 zuwa 30, a dasa a kanta kamar dankali. A haƙa ramuka zurfin santimita 30, tazarar kamu ɗaya ko ɗan fiye tsakanin rami da rami, a gauraya ƙasar kowanne da cikin shebur ɗaya na kashin shanu ko na awaki da ya riga ya ruɓe ya huce. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona sabuwar saiwa, a guje shi. A yage ledar ba tare da an wargaza ƙasar ba, a ajiye dashen daidai zurfin da yake a leda, a cike, a danne. Da yamma ake wannan aiki, ko ranar da gari ya yi lumshi.

A bar aƙalla mita ɗaya tsakanin layin da hanyar da mutane ke bi. A cikin gida mai ƙananan yara ban ga dalilin dasa ta a tsakar gida ba. Wurinta shi ne iyakar gona, bayan katanga, ko kewayen lambu. Kuma a sani cewa a watannin farko shingen ne ke bukatar shinge, domin ganyen ba shi da ɗaci, ƙaya ba ta yi ƙarfi ba, akuya ɗaya tana iya aske layi guda kafin azahar. A kare shi da rassan ƙaya ko dangar kara har ya shekara.

Idan aka ƙyale fereskiya yadda take so, takan zama ƙaramar bishiya mai tsawon mita 2 zuwa 5, gindinta ya yi kauri har santimita 20, ƙasanta kuma ya zama fili da akuya za ta ratsa ba ta ko sunkuya ba. Shinge mai kyau daga ƙasa yake cikewa, kuma datsa ce ke kawo haka. Da zarar dashe ya kai gwiwa a tsinke kansa, abin da zai tilasta wa idanun ƙasa su fitar da rassa. Idan waɗannan rassa suka yi kamu ɗaya, su ma a tsinke kawunansu. Daga shekara ta biyu a riƙa datsa sau biyu, a farkon damina da kuma cikin Oktoba, a tsayar da tsawon a mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a bar ƙasa ya fi sama faɗi domin rana ta kai ga rassan gindi. Tun da a ƙarshen reshe fure ke fitowa, mai yawan datsa zai samu shinge mai kauri da fure kaɗan, mai son fure da ƙudan zuma kuma sai ya ware gindi biyu ko uku a kusurwa ya bar su su sake.

Da hunturu ya shigo ganye zai fara rawaya yana zuba, zuwa Fabrairu wani gindin ba abin da zai rage masa sai ƙaya. Mutane da yawa a nan suke tuge ta suna zaton ta mutu. A kankare ɓawon da farce, idan cikinsa kore ne tana nan da ranta. A ranin farko a ba kowane gindi rabin bokiti sau ɗaya a mako ko kwana goma. Daga shekara ta biyu tana iya kaiwa damina ba tare da ban ruwa ba, ko da yake wadda ake shayarwa takan riƙe ganyenta. A nome busasshiyar ciyawar da ke gefen layin tun a Nuwamba saboda gobarar daji, kuma idan an rufe ƙasa da ciyawa don riƙe laima, kada a bari ta taɓa gindin, domin gara ta nan take hawa. Ƙwarin da suka fi damunta su ne fararen nan masu kama da auduga da ke maƙalewa a gindin ganye, da kuma darɓa a kan toho. Ruwan sabulu da aka haɗa da jiƙaƙƙen ganyen dogon yaro, a fesa da yamma sau biyu ko uku a tazarar mako, yakan rage su.

Saura batun rassan da aka datse, wanda shi ne dalilin da ya sa na ce a ƙyale mai hawa bishiya. An kai Pereskia aculeata Afirka ta Kudu a matsayin shukar ado da shinge, ta tsere daga lambuna ta lulluɓe bishiyoyin daji a KwaZulu-Natal har tana kashe su, kuma saboda kowane guntun reshe da ya faɗi ƙasa yana tsirowa, sara ba ya kawar da ita. Sai da hukumomin ƙasar suka shigo da ƙwarin da ke cin ta daga Kudancin Amurka, na farko a 1991, na biyu a 2014. Wadda muke dasawa ba ta kai ta ɓarna ba, amma ita ma guntunta yana kamawa. Kada a watsa rassan a kwata ko rafi inda ruwa zai kwashe su zuwa bakin Kogin Kaduna, kuma kada a zuba su a bola inda yara ke yawo ba takalmi, domin ƙayar tana daɗewa ba ta ruɓe ba kuma tana huda silifa. A tara su da cokalin lambu a kan daɓe ko tsohon kwano, su bushe ƙayau, sannan a ƙone. Wanda ƙaya ta soka ya cire ta da matsefata ya wanke wurin da sabulu, idan kuma ta karye a ciki ko ta shiga da zurfi ya je asibiti saboda allurar tetanus.

Ganyen da aka samu wajen datsa ba na zubarwa ba ne. A jihar Minas Gerais ta Birazil ana kiran wannan shuka da 'yar uwarta mai hawa ora-pro-nóbis, kalmar Latin mai ma'anar “yi mana addu'a”, ana dafa ganyensu da kaza, har garin Sabará yana yi musu biki duk shekara. A tsinki matasan ganye ɗaya bayan ɗaya, a yanke ɗan karan da ya haɗa su da reshe don kada audugar ido ko ƙaramar ƙaya ta biyo, a wanke, a yanka kamar alayyafo. Sai miya ta kusa sauka ake zuba shi, bayan daddawa da nama sun nuna, domin minti biyar ya ishe shi, kuma yauƙinsa yana ɗaure miyar yadda za ta tafi da tuwon masara ko na dawa. Kafin ganyen kowace shuka mai ƙaya ya shiga tukunya, a sake karce reshen da aka tsinko shi a duba: in farin ruwa ya fito, a zubar da ganyen a wanke hannu da wuƙar da sabulu.